Ranar da Muka Fita Neman Taskar Likita

Wata Alhamis ce a ƙarshen damunar 1984, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. Muna tsaye a layi a filin makarantarmu ta firamare, a wani ƙauye gabas da Minjibir, ƙafafunmu babu takalmi, hantsi ya fara zafi. An share filin tun jiya har ana ganin sawun tsintsiya a ƙasa, an jera bencina a ƙarƙashin darbejiya, dagaci da liman da dattawan gari sun zauna, tsofaffin mata kuma sun yi gungu da mayafansu a jikin bangon ajin 'yan aji ɗaya. Kowa ya zuba ido ga hanyar da ta ratso daga titi. Da muka hango farar motar nan tana tafe tana tangaɗi cikin ramuka, sai yara suka ɗauki tafi kamar yadda aka koya mana. Ni hannuwana ƙin haɗuwa suka yi. Na koma bayan ƙawata Talatu na ɓoye fuska a kafaɗarta, domin na san motar, na kuma san wadda ta taɓa ɗauka daga gidanmu.

Matar da ke cikin motar, Likita kawai muke ce mata. Ita ce mace ta farko da mutanen yankinmu suka taɓa gani da wannan aiki, har akwai tsofaffin da suka daɗe suna musu cewa malamar jinya ce kawai, don a ganinsu likita namiji ne. An ce iyayenta daga Barno suka zo suka zauna a birni tun da daɗewa. Tun kafin in yi wayo take zuwa garinmu, ta auna jarirai, ta yi musu allura, ta duba masu ciki, sannan ta bi gida gida da jakarta. Inda ma'aikacin shamagani namiji yake tsayawa a zaure ya aika yaro da ƙwayar magani, ita sallama kawai take yi ta shige har ƙuryar ɗaki. A wannan shekarar aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani babban asibiti a wata jiha mai nisa, shi ne gari ya ce ba za ta tafi haka nan ba, sai an taru an yi mata ban kwana.

Manya suna ganin girmanta, amma mu yara tsoronta muke ji, kuma nawa tsoron ya fi na kowa. Kamar shekara biyu kafin nan, Gwaggo Mairo, ƙanwar Babana, ta dawo gida goyon ciki. Ita ce mai yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo in an kwashe tuwo. Naƙuda ta zo mata da gardama, aka yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu har ta daina magana, sannan aka aika aka kira Likita. Ina tsaye a bakin zaure aka fito da ita a kan tabarma aka sa a farar motar, ƙafarta ɗaya da lalle tana lilo. Ba ta dawo ba, a birni aka binne ta. Tun daga nan yaran unguwarmu suka riƙa cewa, "Motar Likita ba ta mayar da wanda ta ɗauka." Babu babban da ya ji mu balle ya gyara mana, ni kuwa na riƙe maganar kamar karatun allo. In na ji ƙugin mota daga nesa ina ɗiban ruwa, sai in ajiye tulu in shige cikin dawa har sai ta wuce.

Shekarar kuwa kowa a tsorace yake, ba yara kaɗai ba. Geron da aka yanka bai rufe gindin rumbu ba, gyaɗa ta bushe a ƙasa, dawa ce kawai ta rage a tsaye, ita ma kanta ƙanana kamar ba ta so. Sabulu da sukari sai wanda ya je birni ya bi layi. Babana bai jira kaka ta ƙare ba ya ɗauki buhunsa ya tafi cirani kudu, ya bar mu a hannun yayansa, Baffa, wanda gidansa ke can tsakiyar gari. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta kudu, daga shi sai rijiya sai gonaki. Ni da Inna ne kawai a ciki, da akuya guda. Inna tana da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse, amma wuyanta ya rame. Aikin gida duk ya dawo kaina. Da sassafe in ja ruwa, in share tsakar gida, in yi wa akuya ciyawa. In an tashi daga makaranta in bi bakin gonaki ina tsinkar tafasa da yaɗiya, mu dafa mu kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai, in babu mu ci da gishiri. Dusar da a da akuya muke ba wa, ita muke tankaɗewa mu dama. 'Yar gala-gala da carafke da muke yi a ƙofar gida duk sun ja baya, don wasa ma sai da abu a ciki. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, in tana ba wa wani labarina ta ce "yarinyar nan."

Malama Zulai ce ta kawo shawarar wasan. Ita ce malamarmu ta aji huɗu, ba ta daɗe da gama karatun malanta a Bici ba, kullum da sabon abu a kanta. Ta ce jawabi kaɗai ba zai sa yara su tuna Likita ba, gara a yi abin da ta kira neman taska. Za a ɓoye wani akwati a cikin gari, a raba mu rukuni rukuni, a ba mu kacici-kacici. Amsar kowanne wani wuri ne da Likita ta yi aiki a cikinsa, a can za mu tarar da mutum ya faɗa mana abin da ta yi a wurin, ya ba mu kacici-kacici na gaba, har mu kai ga akwatin. Ba ta faɗi abin da ke ciki ba, sai yunwa ta faɗa mana. Kafin mako ya zagayo, labari ya cika makaranta cewa shinkafa ce da gwangwanin madara. Wasu suka ce har da sukari mai ƙwaya. Na kwana ina lissafin yadda zan shigo gida da rabona a ɗaure a bakin zane. Da safiyar ranar na tarar da Inna ta dafa bango tana riƙe da ƙugu, na ce ko in zauna. Ta ce, "Je ki, ciwon baya ne irin na kullum. In kin samo taskar ki kawo mana."

Haka na tsinci kaina a layi, tsakanin kwaɗayin shinkafa da tsoron mai motar. Ta fito a hankali, doguwa, da farin tabarau da zane irin na Barebari a kumatunta, ta yafa mayafi ruwan toka a kan farar rigar aiki. Ta durƙusa ta gaida dattawa, ta je wajen tsofaffin mata suka yi ta riƙe hannunta. Da ta biyo ta gaban layinmu ina jin ƙamshin maganin asibiti a jikinta, na runtse ido har ta wuce. Liman ya yi addu'a, aka buga ƙarfen taya da muke amfani da shi a madadin ƙararrawa, Malama Zulai ta tsaya a kan benci ta faɗi kacici-kacici na farko: "Ku je inda ake rataye jarirai alhali ba su yi laifin komai ba." Sai Talatu ta matse hannuna ta ce a kunnena, "Tsamiya." Ai kuwa, a reshen tsamiyar bakin kasuwa Likita take rataye sikelinta, a sa jariri a cikin wani ɗan wando na yadi a auna shi yana tsala kuka.

Rukuninmu 'yan mata ne zalla, muka kwasa da gudu. Amma da muka doshi tsamiyar sai gudun ya koma tafiya, don duk yaron garin ya san ba a zuwa gindinta in rana ta take, an ce masu wurin suna fitowa shan inuwa. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk babu kowa, iska tana kaɗa wani tsohon buhu a kan rumfar mahauta. Muka riƙe hannun juna muna karanta duk abin da ya zo bakinmu. Wani abu ya motsa a bayan kututturen, wata a cikinmu ta fashe da kuka, ashe malaminmu na lissafi ne yake zaune a kan tushen bishiyar yana jiranmu. Ya nuna mana inda igiyar sikelin ta ci reshen har ya yi santsi, ya ce yawancinmu an rataye mu a nan. Sannan ya ce, "Ku je gidan wadda kowannenku a hannunta ya fara kuka."

Wannan ba ta ba mu wahala ba. Iya Gambo ce, ungozomar gari, gidanta na can ƙarshen arewa kusa da masaƙa. Muka same ta a zaure ta shimfiɗa tabarma, ta jera wata 'yar tasa da reza sabuwa a cikin takardarta da zare da guntun sabulu. Tsohuwa ce mai faɗa, amma ranar murmushi take yi. Ta ce da can da kowace wuƙa ake yanke cibiya, jarirai su yi ta sanƙarewa ana cewa ciwon tsuntsu ne, har Likita ta zo suka zauna a wannan zauren, ta ce a riƙa tafasa zare, a riƙa sa sabuwar reza. "Ni na koya mata yadda ake lallashin matan garin nan, ita ta koya mini wannan," in ji ta. Sai ta ɗaga yatsa ta ce mu saurara, mu ma mata ne, wata rana za ta yi mana amfani. "Haihuwa tawa ce. Amma in kuka ga jini ya riga jariri fitowa, wannan ba tawa ba ce, ta Likita ce, kuma ba a jira." Muka yi ta ƙyalƙyala dariyar kunya muna rufe baki. Ta kalle ni ta tambayi yadda Inna ta kwana, ta ce za ta leƙo da la'asar. Sannan ta ba mu namu: "Ku je inda aka rufe baki don cikin yara ya lafa."

Nan muka daɗe muna gardama a rana. Wasu suka ce masallaci, wasu suka ce shamagani. Ni ce na gano, don kullum ina wurin: rijiyar bayan gidanmu ce, wadda Likita ta matsa wa gari har aka ɗaga bakinta da siminti aka yi mata murfi, bayan wata shekara da gudawa ta kwashi yara. Zuciyata ta buga don murna, na ga kamar shinkafar ta kusa. Hanya mafi kusa ta gefen maƙabarta take, muka bi ta don mu riga 'yan maza. Ban ƙara bi ta nan ba tun da ƙyanda ta shigo gari da bazara. Ta cikin dangar ƙaya muna hango ƙananan kaburbura a jere, ƙasarsu ba ta gama kwanciya ba, wasu tsawonsu bai wuce tabarmar sallah ta yara ba. Ƙanin Talatu yana cikinsu. Muka wuce da sauri a kan busasshen ganye, ni kuwa ji nake kamar ana bin mu a baya.

Da muka iso rijiya, sauran suka kewaye dattijon da aka ajiye a wurin. Ni ƙishirwa ta dame ni, ga gidanmu nan, sai na ce da Talatu ta raka ni in sha ruwa in gaya wa Inna mun kusa. Tun daga zaure na ji akuya tana ta kuka ba ƙaƙƙautawa. Na yi sallama ba a amsa ba. Tsakar gida tsit, murhu babu wuta, taɓarya a yashe a ƙasa, ƙwaryar dusa ta kife kaji suna ta tsattsaga. Sai na ga Inna a kwance a gefen turmi, ta jingina kai da bangon ɗaki, zanenta ya jiƙe sharkaf, jini ya bi ƙasa ya taru a ɗan kwarin da ruwan wanke-wanke ke bi. Leɓɓanta sun yi fari kamar ta ci toka. Na durƙusa na kama ta ina girgizawa, hannunta sanyi ƙalau. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni, ta ce, "Saude." Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma jin sa ya fi jinin tsorata ni. Ta ce, "Kira mini Iya Gambo," sai idonta ya koma ya rufe.

Na miƙe. Babu jariri, babu kukan jariri, jini ne kawai. Maganar da muka yi wa dariya ɗazu a zauren Iya Gambo ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na san wadda ya kamata a kira, na kuma san da me za ta zo. In na kira ta, farar motar za ta tsaya a ƙofar gidanmu, a fito da Inna a tabarma kamar Gwaggo Mairo. In ban kira ta ba, ga abin da ke bin ƙasa yana ƙaruwa a gaban idona. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Talatu tana ta kuka tana jan rigata. Na ce mata ta ruga gidan Iya Gambo, ni kuma na fita ta bayan gida na faɗa cikin dawa, don ta gonaki makaranta ta fi kusa.

Wannan gudun har yau ina yin sa a mafarki. Dawa ta fi ni tsawo, ba na ganin gabana, ganyenta yana yankar fuskata da damatsana, ƙarangiya ta cika bakin zanena, ƙaya ta shige tafin ƙafata ban tsaya cirewa ba. Na yi tuntuɓe da kunyar gona na faɗi, na tashi ban san gabas ba ban san yamma ba, ko'ina kara ne iri ɗaya. Na tsaya ina haki, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana, na tabbata na ɓata kuma Inna za ta mutu ina yawo a gonar mutane. Can sai na jiyo muryar dagaci sama-sama yana jawabi, na bi muryar har na ɓullo ta bayan ajinmu.

Na ratsa tsakiyar fili na tsaya a gaban bencin manya. Yarinya ba ta tsayawa a gaban dattawa haka, wani ya daka mini tsawa in koma gefe, wani ya ce ko taskar na samo. Likita tana zaune kusa da dagaci, an ɗora mata wata sabuwar tabarma mai launi a cinya, kyautar gari. Ta dubi hannuwana da gaban rigata, ta ajiye tabarmar ta miƙe.

"Jinin wa ne wannan?"

Na ce, "Na Inna."

"Tana da ciki?"

Na gyaɗa kai.

"Jaririn ya fito?"

Na girgiza kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma yi wa kowa sallama ba. Ta kira direbanta, ta kama hannuna, kafin in ankara ina cikin farar motar, a kujerar gaba, a tsakaninsu. Ƙamshin maganin ya cika mini hanci, na ƙanƙame jikina don kada in taɓa komai. Ita ce ta riƙa tambayata hanya, ina nunawa da yatsa.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tuna shi. Na tuna ta cire mayafinta ta jefar a kan danga, ta durƙusa a cikin jinin da farar rigarta. Na tuna ta ɗaga ƙafafun Inna ta ɗora a kan turmin da ta kwantar, ta soka mata allura a hannu, ta miƙa mini kwalbar ƙarin ruwa ta ce in ɗaga sama kada in sauke, na riƙe har kafaɗata ta mutu. Iya Gambo ta shigo tana haki, ba mayafi, suka yi magana ƙasa-ƙasa, tsohuwar ta shiga ɗaki ta kwaso zannuwa. Sannan Baffa ya iso a keke, ya tsaya a zaure, Likita ta fita ta same shi ta ce dole a tafi birni yanzu, sai an yi aiki an ƙara jini. Baffa ne ya raka Gwaggo Mairo, shi ya dawo da kayanta a ƙulle. Ya ce mijin Inna ba ya nan, kuma shi ya taɓa bin motar nan sau ɗaya.

Ta ce, "Na tuna Mairo, Malam, ban manta da ita ba. Ita an kira ni bayan ƙarfinta ya ƙare. Wannan yarinyar ta kira ni da sauran lokaci, kada mu ɓata mata gudunta."

Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya sa a dace," ya tuɓe takalmi ya shigo ya kama bakin tabarma.

Da aka sa Inna a mota sai abin da nake dannewa ya ɓalle. Na kama murfin ƙofar da hannu biyu ina kuka, na ce ba za a tafi da ita ba. Direba ya yi ya yi ya ɓamɓare ni ya kasa. Likita ta sauko ta tsuguna har fuskarta ta zo daidai tawa, na ga gumi yana bin zanen kumatunta, tabaraunta ya yi dishi-dishi. Na ce, "Za ki dawo da ita?" Ta ce, "Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Amma ba zan bar gefenta ba, wannan na yi miki." Na saki ƙofar. Iya Gambo ta rungume ni ta baya, muka tsaya har motar ta sha kwana a bayan wata bishiyar kuka.

Kwanakin da suka biyo baya a gidan Iya Gambo na yi su. Babu waya a lokacin, labari sai wanda ya dawo daga birni da bakinsa. Ban je makaranta ba. Kullum in na kai wa akuya ciyawa sai in wuce bakin hanya in zauna a kan wani suri, duk mai keken da ya ɓullo daga titi sai gabana ya faɗi, in zuba wa fuskarsa ido in ga ko ta mai kawo rasuwa ce. In na ji mata sun ɗaga murya a wani gida sai in toshe kunne. Abinci ma da ake nema ido rufe, Iya Gambo sai ta yi mini faɗa nake ci. A nan Malama Zulai ta same ni wata rana da yamma, ta zauna kusa da ni a ƙasa da kayanta masu kyau. Ta ce 'yan maza ne suka gano akwatin, a shamagani, ƙarƙashin gadon da ake duba masu ciki. Babu shinkafa a ciki. Sabulu ne da fensira da kofunan sha, sai sikelin awon jarirai da Likita ta bar wa gari. Ta ce an raba wa kowa, ta ciro sabulu guda da fensir ta ɗora mini a cinya. Na karɓa na gode, amma ko kallonsu ban yi ba, idona yana kan hanya.

An fara yankan dawa ranar da wata motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya, Baffa ya sauko, ya juya ya miƙa hannu. Inna ta sauko a hankali, tana dafe da ciki, ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu, bayanta babu goyo. Namiji ne, bai zo da rai ba. Na ruga na tsaya a gabanta, na kasa taɓa ta, ina tsoron kada ta karye. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa ta ce, "Ke, wa ya bar ki da wannan kan babu kitso?" Sai a lokacin na yarda ta dawo. Baffa ya ba da labari a zaure cewa Likita ta ɗaga tafiyarta, ta kwana a asibitin har Inna ta farfaɗo ta sha kunu, sannan ta kama hanya. Da sabulun nan Iya Gambo ta yi wa Inna wankan jego, don ta ce ko babu ɗa jiki ya haihu.

Ban ƙara ganin Likita ba. Na yi aure, na yi aikin koyarwa, na haifi nawa a asibiti, duk inda na ji ana zancen tsofaffin likitoci sai in kasa kunne, har wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ai ta daɗe da rasuwa. Garinmu yanzu kwalta ta ratsa shi, akwai asibitin sha-ka-tafi mai ɗakin haihuwa, in naƙuda ta tashi waya ake bugawa mai adaidaita sahu ya zo har ƙofar gida. Gonakin da na ɓata a cikinsu an yanka su filaye, bulo ya tashi, yaran da ke wasa a lungunan ba su san dawa tana iya haɗiye mutum ba. Ba na fatan shekarar nan ta dawo wa kowa. Amma wani lokaci ina kewar garin da yake cikin yunwa ya share fili, ya ba da sabuwar tabarma, ya saki 'ya'yansa su bi lungu-lungu don a gode wa mace guda. Inna ta ƙara haihuwa har uku bayan nan, ta ga aurena, ta goya 'ya'yana, ta tsufa har tana yi wa jikoki faɗa a kan ƙarar rediyo, ta rasu a ɗakinta ina riƙe da hannunta. Duk shekarun nan da muka yi tare da ita, a wannan Alhamis ɗin aka ba mu su.